Cukun Ƙarshe da Babanki Ya Kawo daga Barmu

Tawa, ranar Laraba

Zuwa ga ɗiyata Zalika,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Auta, ina gaishe ki, ina fatan takardar nan ta same ki kin sauka Gaya lafiya, ba ciwon kai, ba kumburin ƙafa irin na doguwar mota. Allah ya tsare ki a hanya da masauki, ya haɗa ki da mutanen kirki a wurin aikin da aka tura ki, ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga matan da za ki karɓi haihuwarsu. Na ɗora takardar a saman kwalin da na ɗaure da igiyar kaba don ita za ki fara gani. Ki karanta kafin ki taɓa abin da ke ƙasa, amma kada ki bar kwalin ya kwana a rufe.

Ban gane babanki ya rasu ba sai ranar da na ɗaga murfin firigo. Ina nan aka shigo da shi, ina ji aka fita da shi, na karɓi gaisuwa, na yi takaba har na gama. Duk jikina ne ya yi waɗannan. Washegarin fitata takaba, da hantsi, na ɗaga murfin nan, wari ya bugi fuskata, na ga baƙar ledar ta kumbura, wani ruwa rawaya-rawaya ya daskare a ƙarƙashinta. Abin da ya fara zo mini a rai shi ne Malam zai yi faɗa. Na tsaya riƙe da murfin ina sauraren takunsa daga zaure. Na daɗe a haka. Sai na gane ba mai yin faɗan.

Kin san yadda kayan suka shiga can, amma bari in faɗa miki yadda na gani da idona, tunda ke kina asibiti wajen koyon aiki a lokacin. Duk zamanmu a kan cuku muka yi shi: shi ya je kasuwar Barmu ya saro wajen matan makiyaya, ni in sayar a gida. Ranar ma haka ya dawo, ya sauka daga kabu-kabu da buhu a kafaɗa, ya dire mini a bakin rumfa.

Ya ce, "Karɓi ki ajiye mini. In na taso masallaci sai in rarraba. Kada ki sa hannu, har yau ba ki san busasshe da mai laushi ba."

Na ce, "To, sarkin cuku. Wa ke sayar maka da shi duk shekarun nan?"

Ya ce, "Masu saye ne ke da haƙuri." Ya yi dariya, ya ɗauki buta.

A ƙofar masallaci ya faɗi bayan la'asar. Da gida ya fara cika da mata, na ga buhun a kan hanya ana tsallake shi, sai na juye shi duka cikin leda guda, busasshe da mai laushi da ɗanye, na tura cikin firigon da nake yin ƙanƙarar sayarwa, na rufe. Ya ce in ajiye mishi, na ajiye.

Abin da ke cikin kwalinki shi ne abin da ya tsira. Ba shi da yawa. Shi ne cuku na ƙarshe da hannun babanki ya zaɓa, ba kuwa za a ƙara wani ba. Ina tsoron ki ɓata shi da rashin sani, na kuma fi tsoron ki ɓata shi yadda na ɓata sauran, da yawan so. Shi ya zaunar da ni rubutu, ni da na daɗe ban riƙe alƙalami ba. Kin tafi Bambeye sallamar gwaggonninki, gidan ba kowa, na kasa zama wuri ɗaya. Na kwance kwalin nan na sake ɗaurewa ban san sau nawa ba. In kin ga rubutun ya karkace, ki yi haƙuri da shi.

Kuskurena na fari tun ina amarya ne. Na tarar kakarki tana ajiye cuku cikin lefe, naɗe da wani tsohon farin ƙyalle, rataye a ragaya kusa da taga. Ni kuwa sai na ga kamar ƙazanta ce, ƙura na hawa, ƙuda na zagayawa. Wata rana da ta tafi suna, na sauke lefen, na goge kowane cuku, na jera su cikin leda, na ƙulle tam, na sa a cikin sabuwar kwallata mai murfi, ina jin na yi abin yabo. Ba a jima ba, da aka zo saye na buɗe, na tarar sun yi gumi sun manne da juna, fumfuna ta rufe su kamar gashin ɗan tsako.

Kakarki ta leƙa, ta shinshina, ta ce, "Amarya, shaƙe shi kika yi. Ke in an sa kanki cikin leda aka ƙulle, kya kwana?"

Na yi kuka. Babanki kuwa ya yi sati yana tambayata ko ina buƙatar iska.

To ki ji. Busasshen cuku iska yake so. Da kin sauka, ki fitar da su ɗaya ɗaya ki shimfiɗa a kan faifai, a inuwa, inda iska ke ratsawa, su huce daga zafin mota. Na sa miki farin ƙyalle wankakke a gefen kwalin. Shi za ki naɗe su da shi, sako-sako, ki rataye nesa da bango saboda kiyashi da ɓera. Ban taɓa zuwa Gaya ba, amma babanki ya yi fatauci can yana saurayi, ya ce garin bakin kogi ne, da damina gishiri ma jiƙewa yake yi a cikin kwano. Ba irin busasshiyar iskarmu ta Adar ba ce, wadda za ki manta abu a rataye ki dawo ki same shi yadda kika bar shi. Don haka kowace safiya ki buɗe ki duba, ki juya su. In kin ga fari-fari kaɗan a sama, ki kankare da wuƙa ki nuna mishi rana ta ɗan lokaci. In ya yi kore ko baƙi har ya shiga ciki, ki zubar, ko da na babanki ne. Ke kika yi karatun lafiya, kin fi ni sanin abin da yake yi wa ciki.

Ki kuma iya gane su. Ki ƙwanƙwasa da farce. Wanda ya yi ƙara kamar busasshiyar ƙwarya, ya bushe, zai ɗan jira ki. Wanda ya lanƙwasa bai karye ba, da sauran ruwa a jikinsa, shi za ki fara ci. Fararen na nonon akuya ne, sun fi juriya. Masu ɗan ruwan ƙwai na saniya ne, maiƙonsu ya fi yawa, in suka sha zafi sai su tsattsafo da mai, daga nan su fara kartar maƙoshi. Kada ki bar na saniya cikin rana tsaka. Babanki ya tafi yana cewa ban san waɗannan ba, alhali a gabansa nake rarrabe su in ya juya baya.

Na tashi yanzu na je zaure, na ji kabu-kabu ya tsaya, na ɗauka ke ce. Maƙwabta aka kawo. Bari in ci gaba.

Kuskure na biyu, firigo ne ya ruɗe ni. Lokacin da muka saye shi kina ƙaramar ɗaliba a lakwal, na ɗauka an gama da ɓacin abinci a duniya. Duk abin da ya shigo gidan nan sai in jefa ciki. Wata maƙwabciyarmu da ta je ganin danginta wajen Dosso ta kawo mini tsarabar wagashi, cukun nan na Fulani mai taushi da jan baya. Na jefa shi yadda yake, gudansa. Da na fitar ya saki, sai ruwa ya tsiyaye ya bar shi huje-huje, na sa a mai ya wargaje. Haka na kai wa babanki a kan shinkafa.

Ya ɗaga wani yanki da cokali yana juyawa, ya ce, "Habsu, wanga na ci ne ko na wanka?"

Na ce, "In ba ka so, miƙo."

Ya ce, "A'a, zan ci. Ina dai so in san ko da sabulu ake haɗawa."

Can inda za ki, an ce wagashi a kan tire ake yawo da shi kowace kusurwa. Ki sayi wanda za ki ci a ranar. In ya rage, ki tafasa shi a ruwan gishiri, gobe ma ki sake tafasawa, haka ake riƙe shi. In dole sai kin daskarar, ki yanka, ki soya, ki bari ya huce sarai, ki ƙulla daidai na miya guda guda. Kuma a miya zai yi miki amfani, ba zai koma yadda yake da fari ba. Shi kuwa furmaj ɗin butiki, cukun Turawan nan mai kusurwa uku cikin takarda mai ƙyalli, wanda kike shafa wa burodi, kada ya shiga wajen ƙanƙara sam. Na gwada, ya koma tsaki-tsaki kamar an zuba mishi yashi. Sanyi kaɗan ya ishe shi.

Kin ce wadda za ku zauna ɗaki ɗaya tana da ƙaramin firigo. Garin kifi za ki, to ki sani cuku ɓarawon wari ne. Duk abin da ya kwana kusa da shi sai ya ɗauka. Na taɓa ajiye wani kusa da kifi da yankakkiyar albasa, mai shayin bakin tasha ya aiko aka karɓa mishi. Da yamma sai ga shi da kansa a ƙofar gida yana sallama, ya ce masu shan shayinsa na tambaya yaushe ya fara sayar da romo. Na rasa inda zan sa fuskata. Don haka in damina ta matsa miki har kika ga babu mafita sai ƙanƙara, ki tabbata ya bushe ƙarau, ki sa takarda tsakanin kowane biyu don kada su manne, ki ƙulla kaɗan kaɗan, leda cikin leda, ki matse iskar. In kin fitar, ki kwance ledar nan take, ki shimfiɗa a faifai gumin sanyin ya bushe, kada ki bar shi ya saki a ƙulle. Wanda ya riga ya saki kuwa, kada ya koma. In aka ɗauke kuran, firigo ya daɗe ba wuta, ki buɗe ki duba, kada ki tsaya zato.

Duk wannan na san shi, Auta. Na san shi ranar da na juye buhun babanki cikin leda guda. Ba rashin sani ya ɓata mini kayan ba.

Kin tuna Tamu, tsohuwar nan ta wajen Barmu da babanki ke fara zuwa wurinta kafin kowa, wadda ake gane cukunta da siraran layukan tabarmar da take zuba shi a kai. Ta zo gaisuwa ana cikin zaman makoki, ta shigo ɗakin da nake, ta zauna bakin tabarma. Can ta matso.

Ta ce, "Habsu, ina kayan da ya ɗauka ranar? Akwai ɗanye ciki, kyauta na ba shi, na ce a ci da wuri."

Na ce, "Suna firigo."

Ta ce, "Hito da su a gasa wa mutanen ga. Don shi suka zo, su ci nashi."

Na ce, "Ya ce in ajiye mishi."

Ta dube ni. Ta ce, "Ni na tatsa, ni na zuba, ni na shanya. Tun ina yarinya nike yin shi. Ban taɓa yin wanda zai iya jiran mutum daga inda Malam ya tahi ba."

Na ce mata gaisuwa ta zo ko bin sawun cukunta. A gaban mata na faɗa. Ta gyara lulluɓinta, ta yi mini addu'a, ta fita. Tsohuwa ce da ta hau motar kasuwa da ciwon gwiwa don ta zo ta zauna kusa da ni.

A aikinki za ki riƙa tsayawa a kan mata a ranar da ta fi kowace tsanani gare su. Wasu za su zage ki don kin faɗa musu gaskiya. Ki yi irin na Tamu, ki gyara lulluɓinki ki yi musu addu'a. In kuma ke ce ranar ta faɗo wa, wani ya gaya miki abin da ba ki son ji, ba dole ki yarda a take ba. Ki yi shiru kawai. Da na yi shiru, da na rage abin kunya guda.

Yanzu ga wanda ya hana ni sukuni, wanda saboda shi na ɗauki alƙalami. Da sanyin nan, wata safiya, kin hura garwashi kin ɗora shayi yadda babanki ke yi, har da ɗaga buta sama don kumfa. Ina zaune ina kallonki. Sai kika tashi kika nufi firigo, kika kama murfin.

Kika ce, "Inna, guda ɗaya kawai. In gasa mu ci da shayi."

Ban san lokacin da na tashi ba. Na buge hannunki, murfin ya faɗo miki a yatsu.

Na ce, "Ba naki ba ne."

Kika riƙe yatsun, kika ce, "To na wa ne, Inna?"

Na juya miki baya. Kika juye shayin a gindin darbejiya, kika wanke kofuna, kika tafi asibiti ba ki karya ba. Tun ranar ban ga cuku a bakinki ba, ko a gidan mutane aka miƙo miki sai ki ce kin ƙoshi. Tun ranar kuma maganarmu ta koma ina kwana, sannu da aiki, sai da safe. Kina yi mini komai, wanki, cefane, shafa mini mai a ƙafa, amma ba ki ƙara neman komai a wurina ba. Na fi son ki yi mini rashin kunya da wannan ladabin.

Naki ne. Amsar ke nan, ta zo a makare. Ni miji na rasa, ke uba kika rasa, amma na yi kamar ni kaɗai aka yi wa mutuwa. Kuma da na bar ki a ranar, da kin same shi lafiya lau, don lokacin sanyi ne, ba a cika ɗauke kuran ba. Da mun ci ɗanyen da Tamu ta ba shi, da mun raba sauran, da yau ba ni da abin rubutawa sai addu'a.

Da bazara ta shigo aka fara ɗauke kuran, ina daga ɗaki ina jin injin firigon ya yi shiru, in ji ya tashi, ya sake yin shiru. Wani lokaci yini guda. Duk matan unguwa masu ƙanƙara suna fitar da kayansu suna dubawa. Ni sai na lulluɓe shi da bargo na ce buɗewa ke fitar da sanyi. Na daina ƙulla ƙanƙara don kada wani dalili ya sa a ɗaga murfin. Masu saye suka gaji da sallama suka koma wani gida. Ashe a ciki ɗanyen ya saki ya daskare, ya saki ya daskare, har ya ruɓe, ruwansa ya bi sauran ya jiƙa su. Ina kwance kusa da shi ina gadinsa, yana lalacewa. Gaskiyar ita ce ba sanyi nake tsoron ya fita ba. Muddin murfin na rufe, akwai aikin da Malam bai gama ba a gidan nan.

Ranar da na buɗe, na ciccibo ledar na kai inuwar rumfa. Ta zama dunƙule guda kamar dutse. Na jira ta saki, na bi da wuƙa ina ɓamɓarewa, ina shinshinawa, ina jefawa a bokiti. Kusan duka bokitin suka tafi. Sai a can gefe na tarar da ɗan ɗaurin da yakan ware na gida, wanda kuke ci ke da shi da safe, naɗe da takarda cikin tashi ledar daban. Na Tamu ne, busassu ƙarau, da ƴan na saniya kaɗan. Ruwan bai kai gare su ba sai a baki-baki. Na kankare, na shanya a kan rumfa ƙarƙashin gidan sauro, ina juyawa.

Kin dawo kika same ni ina haƙa rami bayan turken awaki ina binne sauran. Kika tsaya a bakin ƙofar ɗaki da jakarki a kafaɗa. Na gan ki, kin ga na gan ki. Ba ki zo ba, ni ma ban kira ki ba. Wannan ma kuskure ne. Da na ce zo ki riƙe mini bokiti, na san da kin zo. Kada ki yi koyi da ni a nan. In abu ya fi ƙarfinki a baƙon gari, ki buɗe baki ki kira mutum da sunansa ki ce ya taimake ki. Mutane da yawa a tsaye suke a bakin ƙofa, kira kawai suke jira.

Na aika wa Tamu sukari da ganyen shayi ta hannun direban motar Barmu, da guda ɗaya daga cikin waɗanda suka tsira, na ce a ba ta haƙuri, ta kuma duba mini ko na ci ne. Ta aiko cewa ita ba ta riƙe komai ba. Ta ce ta ci da shayi, lafiyarsa lau, amma ya sha wahala, ba zai ƙetare damina ba. Ta ce a gaya mini wannan karon in ji magana.

Ga hadari ya fara haɗuwa a gabas da yamma-yamma, ko da yake bai zubo mana ba tukuna. Can wajenku an ce ruwa ya riga ya sauka. Ke nan ba ki da lokaci mai yawa.

Ki ci, Auta. Abin da nake roƙonki ke nan. Kada ki jira wata babbar rana, kada ki ce sai kin karɓi albashin fari, ko sai Sallah, ko sai na zo. Safiyar farko da kika tashi a ɗakin nan, ki nemi garwashi, ki ɗora shayi, ki ɗora guda a kan wuta kaɗan har ya yi taushi gefensa ya fara ja, ki karya da hannu. Ki ba abokiyar zamanki. Ki ba maƙwabciyar da ta fara leƙo ki. In sun tambaya daga ina, ki ce daga Barmu, babanki ya zaɓo, ki gaya musu irin mutumin da yake, har da tsokanarsa. Wanda ya yi tauri da yawa ki daka shi da dabino ki dama a fura. In kuka ya zo miki kina ci, ki yi abinki, ki ci gaba da ci. Kada ki ɓoye guda a ƙasan akwati don tunawa. Na san ki, jinina ce ke, abin da zuciyarki za ta fara raya miki ke nan. Wanda kika ɓoye, fumfuna kika ajiye wa. Ki cinye har ƙyallen ya zama ba komai ciki, ki wanke shi ki yi tatar koko da shi.

In kin ga ba za ki iya ba saboda abin da na yi miki, to ki ci don shi, ni ki bar ni da nawa. Amma ina so in kin kira ni ranar Juma'a ki ce, Inna, na ci. Ko ba ki ƙara komai a kai ba, ya ishe ni.

Na kuma ji abin da kika gaya wa gwaggonki, wai in kin ga ban saba ba za ki nemi a maido ki Tawa. Kada ki yi. Ban haife ki don ki zauna gadina ba, na ga abin da gadi ke yi. Na wanke firigon da toka da lemun tsami, na koma ƙulla ƙanƙara, masu saye sun fara dawowa. Yayanki Sahabi na kira daga Abijan. Maƙwabta ba su bar ni ni kaɗai ba. Ban ce miki na warke ba, don har yanzu in la'asar ta yi sai in tsinci kaina a zaure ban san abin da na je ɗauka ba. Amma wannan ba abin da zamanki zai gyara ba ne. Ki tsaya wurin aikinki. Ki riƙa gaida mutane tun kafin su gaishe ki, kada ki saba cin abinci ke kaɗai a bayan ƙofa, ki kwana cikin gidan sauro ko da zafi.

Ina da sauran magana, amma takardar ta kusa cika, kuma kowane lokaci kina iya shigowa, ba na so ki same ni a kanta. Gobe a tasha na san ba zan iya cewa komai ba sai Allah ya kiyaye hanya. Kada ki ɗauka iyakar abin da ke bakina ke nan.

Maƙwabta duka na gaishe ki, mai shayin tasha ma ya ce a yi miki fatan alheri. Ki gaida wadda za ku zauna tare, ki ce innarki ta ba ta amanarki. Allah ya kai ki lafiya, ya tsare ki daga sharrin hanya, da sharrin ruwa, da sharrin mutum. Allah ya ba ki haƙuri da masu naƙuda, ya ba su haƙuri da ke. Allah ya jiƙan babanki, ya yalwata mishi makwanci, ya sada mu da shi cikin rahama. Ki yafe mini. Ni ban riƙe ki da komai ba, duniya da lahira.

Ni ce innarki,
Habsu

Na cire guda daga cikin kwalin kafin ɗaurin ƙarshe, ki yafe mini shi ma. Na ce ba zan sa ki abin da ban yi ba. Na hura garwashi, na ɗora buta, na ajiye shi a faifai kusa da gwiwata tun da na zauna rubutun nan. Garwashin ya mutu, shayin ya huce. Ban ci ba tukuna.